Zuciyata ta karaya, addu'a ma ta gagare ni. Ku da kuka taɓa shiga wannan hali, ya kuka yi?

Ɗan_Domayo:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karanta abin da kuke rubutawa, ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai tura ta kai bango.

Shekarata 31. Na gama jami'a a nan Marwa shekara 6 ke nan. Sau huɗu ina rubuta konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati. Kowane karo sai na haɗa takardu, na biya kuɗin rajista, sau biyu ma da kuɗin akuyar da mahaifiyata ta sayar. Da sakamakon ƙarshe ya fito, na bi jerin sunayen da yatsa daga sama har ƙasa sau uku, babu sunana. Yanzu babur ɗin wani nake haya, kowace yamma in kai masa kuɗinsa, abin da ya rage in sa mai in ci abinci.

Talauci ba baƙona ba ne, a cikinsa na tashi. Abin da ya firgita ni shi ne zuciyata. Tun ina ɗan shekara 14 nake cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarmu, amma wata uku ke nan ban taka majami'a ba. In na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, in rasa abin cewa, in tashi. Littafi Mai Tsarki nawa yana nan bakin taga, ƙurar hunturu ta rufe shi. Shin wannan zunubi ne? Na bar bangaskiya ke nan ban sani ba? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita, ya faɗa mini abin da ya yi.

Maman_Talatu_Garwa:
Wayyo ɗana, sannu. Sannu ƙwarai. Kafin kowa ya ce maka komai ni tambaya biyu zan yi maka: kana cin abinci? Kana samun barci?

Sojan_Yesu77:
Ɗan'uwa, wannan harin Shaiɗan ne, kada ka yi wasa da shi. Ya ga tauraronka yana shirin haskawa shi ya sa ya tare maka hanya. Ka ɗauki azumin kwana uku, ka riƙa tashi tsakar dare kana tsauta wa ruhun karaya cikin sunan Yesu. Littafi ya ce Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, kuma Allah ya ce tashi in taimake ka. Faɗuwar gaba asarar namiji. Tashi!

Mai_Bishara_Mokolo:
Sojan_Yesu77, na san da zuciya ɗaya ka yi magana, amma bari in gyara abu biyu. "Tashi in taimake ka" karin maganar Hausa ce, mai kyau kuwa, sai dai ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ɗayar kuma da kake nufi 1 Korintiyawa 10:13 ce, a can maganar gwaji ake yi, cewa Allah zai ba da mafita. Manzo Bulus ɗin da ya rubuta wannan, shi ne ya rubuta a 2 Korintiyawa 1:8 cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, har suka fid da rai. Bulus fa. Saboda haka kaya yakan fi ƙarfin mai bi.

Ɗan_Domayo, buɗe 1 Sarakuna sura 19, in ba za ka iya ba bari in ba ka labarin. Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, ya ga ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. Bayan haka sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai ga shi da gudu. Ya bar baransa a hanya, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani itace ya ce, ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina. To me Allah ya yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa. Ya ci ya sha ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya sake dawowa ya ce tashi ka ci, tafiyar ta yi maka yawa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya fara yi masa magana, daga baya kuma da 'yar ƙaramar murya, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce. Ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya.

Shi ya sa tambayar Maman_Talatu ta yi mini daɗi. Ita ce ta bi tsarin da Allah ya bi.

Sojan_Yesu77:
Na karɓi gyara a kan ayar, Malam. Amma azumi fa? Yesu da kansa ya yi. Ni azumi ne ya fitar da ni lokacin da shagona ya ƙone a 2019, ba zan iya yin shiru a kan abin da ya yi mini aiki ba.

Mai_Bishara_Mokolo:
Ba wanda ya hana azumi, ɗan'uwa, ni ma ina yi. Amma mutumin da ke yini kan babur cikin rana, wataƙila sau ɗaya yake cin abinci, ka ce ya ƙara da kwana uku ba ci? Kowane magani da lokacinsa.

Nas_Kuseri:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta fannin aikina. Akwai ciwon da ake kira ciwon damuwa, ciwo ne sosai kamar hawan jini ko sukari. Alamominsa: mutum ya yi sati biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace kusan kullum, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, barci ya ɓaci, cin abinci ya canja, jiki ya mutu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Mai bi yana kamuwa da shi, fasto ma yana kamuwa. Ban ce shi ke damunka ba, ba a gane ciwo ta waya. Amma mutumin da ya yi shekara 17 yana waƙa ya wayi gari waƙar ba ta yi masa daɗi, ya kamata likita ya gan shi.

Zan kuma tambaye ka kai tsaye, ka yi haƙuri: tunanin cutar da kanka yana zo maka? In yana zuwa, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani na kusa da kai yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare.

Sojan_Yesu77:
Yanzu addu'a ma sai an haɗa ta da ƙwayar asibiti?

Nas_Kuseri:
In zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗanka, kana yi masa addu'a kana kuma ba shi magani, ko ba haka ba? Luka da ya rubuta bishara likita ne.

Baba_Dattijo_Minawawo:
Ɗana, jikana ne yake rubuta mini wannan, idona ba ya ganin ƙananan rubutu.

Ni mutumin bayan dutsen Gwoza ne. A 2014 muka baro gida da ƙafa, da rigar da ke jikinmu. Ina da rumbu uku cike da dawa, da shanu, da majami'ar da muka ɗora wa kwano da kuɗin gumin mu. Duk an ƙone. Ƙanena bai tsallako ba. Muka iso sansanin Minawawo kusa da Mokolo, aka ba mu tanti. Ni da nake ciyar da mutum goma sha, sai ga ni a layi riƙe da kati ina jiran a auna mini hatsi.

Na yi kusan shekara ban yi addu'a ba. Ina faɗa maka gaskiya a gaban Allah. Dattijon ikilisiya ne ni, mutane suna zuwa in yi musu addu'a, ina buɗe baki ina faɗin kalmomi saboda kunya, amma cikina babu kowa. In dare ya yi in kalli wajen dutse in ce, kana ina lokacin da suke sa wuta?

Abin da ya riƙe ni matata ce da sauran matan zumunta. Ba su da majami'a, ƙarƙashin wata bishiya suke taruwa da asuba, da tulu da kacau-kacau, suna waƙoƙin da muke yi a gida. Ni ina kwance cikin tanti ina jin su, haushi ma nake ji. Wata rana suka ɗauko wata waƙa da mahaifiyata take yi in tana niƙa. Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuka irin na yaro. Tun da muka gudo ban zubar da hawaye ba sai ranar. Ban ce daga ranar komai ya gyaru ba, har yau muna nan, har yau ban ga kabarin ƙanena ba. Amma daga ranar na koma yi wa Allah magana, ko da faɗa ne nake yi masa.

Shawarata: ka je majami'a ka zauna a bencin baya. Kada ka yi waƙa in ba ka iyawa. Bari su yi, kai ka ji. Lokacin da ba ka da murya, ikilisiya tana da ita.

Maman_Talatu_Garwa:
Baba, ka sa ni hawaye. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da ku gida lafiya.

Rahila_Ngawundere:
Amin. Baba ya faɗi abin da na kasa faɗa. Ni da mijina ya rasu, masu zuwa gaisuwa da ayoyi sun fi gajiyar da ni. Wadda ta taimake ni wata tsohuwa ce da take zuwa kowace yamma ta zauna kan tabarma tana tsince mini shinkafa, ba ta cewa komai. Abokan Ayuba ma kwana bakwai ɗin da suka yi shiru tare da shi, nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Injiniya_Ba_Aiki:
Ku yi haƙuri, ni zan faɗi abin da kowa yake kewayewa. Matsalar Ɗan_Domayo ba ta ruhu ba ce, ta ƙasa ce. Dubban mutane suna rubuta jarrabawa a kan gurabe 'yan kaɗan, kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ni sau uku na rubuta. Na ga wanda muka yi aji ɗaya, wanda ni nake koya masa lissafi, sunansa ya fito. Sai a ce mana mu yi haƙuri mu yi addu'a. Har yaushe?

Ɗan_Pitowa:
Gaskiya ka faɗa. Ni har wani ya zo ya ce in kawo kuɗi zai sa sunana, na sayar da fili na ba shi, daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Rahila_Ngawundere:
Ɗan_Pitowa, sannu da wannan asara. Amma ka ga ai mu ma da hannunmu a ciki, in muna bayarwa.

Ɗan_Pitowa:
Na sani, 'yar'uwa. Na tuba a kan wannan tuntuni. Karayar zuciya ce ta kai ni, shi ya sa nake faɗa don wani ya ji.

Injiniya_Ba_Aiki:
Wani abin da ke ƙara kashe mana jiki shi ne wa'azin da ake yi yanzu a wasu wurare. Kowace Lahadi "bana shekararka ce", "shuka iri ka girbi mota". Ka shuka, shekara ta ƙare, ba mota ba aiki, sai a ce bangaskiyarka ce ta yi kaɗan. Mutum ya koma gida da kaya biyu, ga rashin aiki ga laifi.

Mai_Kula_da_Zaure:
'Yan'uwa, maganar konkur da cin hanci babba ce, za mu iya buɗe mata nata wuri. A nan ɗan'uwanmu ya yi tambaya a kan zuciyarsa, mu dawo kanta. Kuma don Allah kada a ambaci sunan wata ikilisiya ko wani ofishi da zargi.

Mai_Bishara_Mokolo:
Kafin mu bar ta, Injiniya yana da gaskiya a abu ɗaya. Rashin adalci yana karya zuciya, kuma Littafi bai ɓoye wannan ba. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna cin gaba. Habakuk ya fara littafinsa da "har yaushe", daidai kalmar da Injiniya ya yi amfani da ita. Bambancin kawai, su Allah suka kai wa ƙarar, ba su tafi da ita ba.

Manomi_Yagwa:
Tunda an ambaci Habakuk bari in shigo. A damina ta 2024 ruwa ya ci mu a Mayo Danay. Shinkafata da dawata duk suka nutse, ɗakuna biyu suka zube, muka kwana makonni a tudu da yara. Fastonmu ya karanta mana Habakuk 3:17 zuwa 19, inda ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko babu shanu a turke, duk da haka zai yi murna da Ubangiji. A raina na ce Fasto, wannan aya ta fi ƙarfina yau.

Abin da na iya yi shi ne wannan. Da ruwa ya fara janyewa, wani ɗan'uwa ya ba ni irin masakwa, wata irin dawa ce, daga nasa. Ku na birni wataƙila ba ku san yadda ake dasa ta ba. Bayan damina ake yi, a ƙasar laka da ta sha ruwa. Ka soka sanda mai tsini ka yi rami, ka zuba ɗan ruwa, ka sa dashen, ka wuce na gaba. Rami ɗaya ɗaya, bayanka yana ciwo, rana tana dukanka. Daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama ba har girbi, da danshin da ke ƙasa take rayuwa cikin hunturu. Ina dasawa ina cewa "Ubangiji ka ji tausayi", ita ke nan addu'ata, ba ni da wata. Wajen watan Fabrairu muka yanka. Ba ta kai ta kowace shekara ba, amma yara sun ci.

Ɗan_Domayo, ban san karatu kamarka ba. Na dai san cewa ranar da na zauna ina lissafin abin da ruwa ya ci, ranar ba na iya tashi. Ranar da na ce yau rami ɗari zan yi, ina iyawa.

Katekis_Tokombere:
Ni ɗan Katolika ne, ina fata za ku karɓe ni. A wajenmu nan muna tunawa da Baba Simon, Fada Simon Mpeke. An haife shi a 1906 a kudu wajen Edeya, yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa firist a 1935. Yana da babbar ikilisiya a New Bell ta Duwala, ana girmama shi. Ya haura shekara 50 ya bar duk wannan ya taho arewa a 1959, ya zauna a Tokombere cikin mutanen dutse waɗanda a lokacin ake raina su. Yana hawa duwatsu ba takalmi, yana roƙon iyaye su bar yara su je makaranta. Ya rasu a 1975, kuma a 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, mataki ne a hanyar zama waliyyi. Abin da nake so ka gani, ɗan'uwa, aikin da aka san shi da shi yau ya fara shi ne yana da shekara 53. Kai 31 kake.

Injiniya_Ba_Aiki:
Malam Katekis, da girmamawa, shi ya zaɓi talaucinsa. Mu namu ba mu zaɓa ba. Irin waɗannan labarai na manyan bayin Allah wani lokaci ƙara mini nauyi suke yi, sai in ga ni ban kai komai ba.

Katekis_Tokombere:
Na ji ka, kuma ban yi musu ba. Shekarun kawai nake nuna masa, don ya rubuta kamar ƙofa ta riga ta rufe.

Hajara_Walia:
Gaisuwa daga Njamena. Mu ma a 2022 kogunan Shari da Logon suka cika suka shigo mana unguwar Walia, da kwalekwale muka fitar da kaya. Keken ɗinkina ya yi kwanaki cikin ruwa ya yi tsatsa, shi ne abincina da na 'ya'yana uku. Na yi fushi da Allah, na yi fushi da 'yan ikilisiya don ina ganin ba wanda ya neme ni, alhali su ma ruwan ya ci su. Wanda Allah ya aiko mini maƙwabcinmu ne Musulmi, wani Alhaji mai gyaran keke a kasuwa. Ya ɗauki keken ya kwance shi gaba ɗaya, ya jiƙa da kananzir, ya goge, ya canja abin da ya mutu, ya dawo mini da shi ya ce Maman yara, ki biya ranar da kika samu. Na zauna gaban keken nan na taka, da na ji ƙararsa sai na ce na gode Yesu, ban ma shirya faɗa ba.

Ina faɗin wannan ne don ka buɗe ido. Taimakon ba lallai ya zo ta ƙofar da kake kallo ba. Iliya ɗin da Malam ya ambata, ai hankaki ne suka taɓa kai masa abinci, daga baya kuma gwauruwar Zarefat wadda ba Ba'isra'iliya ba ce.

Rahila_Ngawundere:
A kan maganar bakin da ya yi nauyi: da wane harshe kake addu'a? Ni na lura in na yi da Faransanci kamar ina rubuta wa ofis takarda nake ji. Da Hausa kuwa, yadda kakata ta koya mini, sai in ji ina magana da Uba.

Ɗan_Pitowa:
Mu a majami'armu da Fulatanci ake yi, sai a fassara. Littafin Hausa na kakana ne, tsohon bugu, takardun sun yi ja. Hausar cikinsa tana da nauyi amma tana shiga jiki.

Mai_Bishara_Mokolo:
Wataƙila fassarar farko ce ta 1932, ita ce cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa. Riƙe shi da kyau. Amma Rahila ta taɓo abu mai muhimmanci. Ɗan_Domayo, in ba ka da kalmomin kanka, ari na Zabura, don haka aka ajiye su. Karanta 42 da 43 da murya, a can mai zabura yana tambayar ransa don me ya karaya, har sau uku. In ma wannan ta yi maka haske da yawa, je ka 88. Ita daga farko har ƙarshe kuka ce, ta ƙare da maganar duhu, babu "amma" a ƙarshenta. Duk da haka an sa ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Romawa 8:26 kuma ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Durƙusawar nan da kake yi ka rasa abin cewa, ni ban ɗauke ta a banza ba.

Ka tambaya ko ka bar bangaskiya. Wanda ya bar ta ba ya damuwa da ya bar ta. Yesu kansa a Getsamani ya ce ransa yana baƙin ciki har ga mutuwa, ya roƙi mutum uku su zauna kusa da shi.

Ɗan_Domayo:
'Yan'uwa, na karanta duka, wasu sau biyu. Ban zaci za a amsa haka ba.

Mama, amsar tambayarki: sau ɗaya nake ci, yawanci ƙosai da kunu a bakin hanya. Barci kuma sai wajen ƙarfe uku, in farka biyar. Anti Nas, ban taɓa shirin yi wa kaina wani abu ba, amma ba zan ɓoye ba, akwai daren da nake cewa da ma in kwanta kada in tashi. Jiya na gaya wa yayata, karo na farko. Ta yi kuka, ta ce ranar Litinin za ta raka ni asibiti.

Baba na Minawawo, na ji kunya da na karanta naka, abin da ya same ni bai kai ƙurar naka ba. Na goge Littafin, na karanta 88. Sau ɗaya kawai, ban iya ƙarawa ba.

Baba_Dattijo_Minawawo:
A'a ɗana, kada ka auna ciwonka da nawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ba ka labarina don ka ji kunya ba.

Nas_Kuseri:
Madalla da ka gaya wa yayarka. Ku je Litinin ɗin, kada a ɗaga. Ka faɗa wa likita maganar barcin da maganar daren nan yadda ka faɗa mana, kada ka rage. In tunanin ya yi ƙarfi kafin ranar, kada ku jira Litinin.

Sojan_Yesu77:
Ɗan'uwa, in maganata ta farko ta yi maka tsauri ka yafe mini. Har yanzu ina ganin akwai yaƙin ruhu a ciki, ban canja ba. Amma azumin bari ni in yi maka shi, kai ka ci abinci. Laraba zan fara.

Maman_Talatu_Garwa:
Yawwa, haka ake yi. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ɗana, ƙanwata tana Marwa tana sayar da abinci, zan turo maka bayani ta akwatin sirri. Ka riƙa biyawa da rana kana cin tuwo mai zafi, ni da ita za mu daidaita. Kada ka ce mini a'a.

Injiniya_Ba_Aiki:
To konkur ɗin fa? In an buɗe na bana zai sake rubutawa? Ni shawarata ya bar shi haka, ya tara kuɗi ya sayi babur nasa, ko ya shiga harkar albasa, Marwa ce fa. Sau huɗu ya isa.

Katekis_Tokombere:
Ni kuwa ina ganin in shekarunsa ba su wuce ƙa'ida ba ya ƙara gwadawa sau ɗaya, amma ba da kuɗin akuyar Mama ba.

Manomi_Yagwa:
Ku bar shi ya yi barci tukuna. Ba a yanke shawarar gona da yunwa a ciki.

Ɗan_Domayo:
Maganar konkur ban sani ba tukuna, gaskiya. In na tuna layin ajiye takardu sai cikina ya juya.

Yau Lahadi na je. Na makara da gangan, na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa kamar yadda Baba ya ce. Ban yi waƙa ba. Da mawaƙa suka tashi na ga wani yaro a wurin da nake tsayawa, ya ɗauki muryar ƙasa, yana kuskure a baiti na biyu. Na so in fita kafin a tashi amma shugaban mawaƙa ya riga ni bakin ƙofa. Bai tambaye ni inda na shiga ba. Ya riƙe hannuna ya ce yaron nan yana bukatar mai koya masa, ko zan iya zuwa ranar Alhamis da yamma. Na ce masa zan gani.

Rahila_Ngawundere:
Alhamis ƙarfe nawa? In tuna da kai a lokacin.

Ɗan_Domayo:
Ƙarfe biyar suke farawa. Sai na kai wa mai babur kuɗinsa tukuna, in na samu ya yarda in kawo da wuri.